Majalisar gari ta hana, ina mai neman gida zai kai kuka?

A ranar 28 ga Satumba, 1971, majalisar Arlington Heights, wani gari na masu rufin asiri da ke kimanin kilomita 42 arewa maso yamma da tsakiyar birnin Chicago a Amurka, ta kaɗa ƙuri'a kan wata takardar neman izinin gini. Shida suka ƙi, ɗaya ya yarda. Da wannan zama guda aka rufe ƙofa ga iyalai 190 da ba a ma san ko su wane ne ba tukuna, tunda gidajen da za su shiga ko tubali ba a aza musu ba.

Filin na wata ƙungiyar limaman cocin Katolika ne, limaman St. Viator, masu eka 80 kusa da tsakiyar garin, inda suke da makarantar sakandare. A 1970 suka yanke shawarar ware eka 15 don a gina wa masu ƙaramin ƙarfi muhalli. Suka haɗa kai da wata ƙungiyar gina gidaje wadda ba riba take nema ba, Metropolitan Housing Development Corporation, suka ba ta hayar filin na shekara 99 tare da yarjejeniyar sayarwa a kan dala 300,000. Abin da aka zana ba wani dogon bene ba ne mai tare rana. Gine-gine 20 ne masu hawa biyu, an kasa su sashe 190, kowane sashe da ƙofarsa. Sashe 100 daga ciki masu ɗakin kwana ɗaya ne, waɗanda aka yi tsammanin tsofaffi za su fi nema. An bar fili mai yawa babu gini, an tsara shuka itatuwa tsakanin sababbin gidajen da na maƙwabta. Duk gyaran da ma'aikatan tsara gari na majalisar suka ce a yi wa zanen, an yi shi.

Abu ɗaya ya tsaya a hanya. Tun 1959 taswirar garin ta ce wannan yanki gida ɗaya ne, iyali ɗaya, a fuloti ɗaya. Gida mai sassa da yawa ba ya halatta a nan sai majalisa ta sauya wa filin matsayi. An yi taron jin ra'ayin jama'a sau uku a farkon 1971, zaure ya cika maƙil kowane karo. Masu adawa suka ce darajar gidajensu za ta faɗi, suka kuma ce tun 1962 manufar garin ita ce gidajen haya masu sassa su zama shinge tsakanin unguwannin iyali ɗaya da wuraren kasuwanci ko masana'antu, wannan fili kuwa ba ya kusa da kasuwa ko masana'anta. Akwai wata ƙididdiga da kowa a zauren ya sani ko bai san adadinta ba: ƙidayar 1970 ta nuna a cikin mutum 64,000 da ke garin, baƙaƙen fata 27 ne kacal.

Ra'ayina a kan irin wannan lamari ba shi da kwana-kwana. Idan majalisar gari ta hana gina gidaje masu sassa da yawa a unguwar da aka keɓe wa 'yan gidaje kaɗan masu faɗin fili, bai kamata maganarta ta zama ta ƙarshe ba. Dole a samu wata hukuma a sama da ita da za a ɗaukaka ƙara gare ta, mai sauri, mai sauƙin kuɗi. In an je can kuma, majalisar ce ya kamata ta kawo hujjar cutarwar da ginin zai yi. Ba mai neman gida za a ɗora wa nauyin tono abin da ke cikin zukatan kansiloli ba.

Dalilin farko a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa lura da yadda zaɓe ke aiki. Kansila yana jin tsoron wanda zai iya kayar da shi, wanda zai iya kayar da shi kuwa shi ne wanda ya riga ya mallaki gida a mazaɓarsa. Wanda zai amfana da sabon ginin yana wani gari, yana cikin mota a hanyarsa ta zuwa aiki, bai ma san ana taro a kansa ba. Wasu malaman Jami'ar Boston sun bi takardun tarukan tsara gari na birane da garuruwa 97 a kewayen Boston, suka gano cewa cikin waɗanda suka tashi suka yi magana kan sababbin gidaje, kimanin kashi 15 cikin ɗari ne kawai suka goyi baya, sama da kashi 60 kuwa suka yi adawa. Masu maganar sun fi sauran jama'a shekaru, yawancinsu kuma masu gidan kansu ne. Wannan ba ra'ayin gari ba ne, ra'ayin waɗanda suke da sukunin zuwa taro da daddare ne, suke kuma da abin da suke jin tsoron rasawa. A shari'ar da ta biyo bayan ƙuri'ar Arlington Heights akwai wani ma'aikaci baƙar fata da ke aiki a wata masana'anta a cikin garin, amma yana kwana a Evanston, nisan kimanin kilomita 32, a gida ɗaya da mahaifiyarsa da ɗansa. Garin yana son guminsa da rana, ba ya son ganinsa da dare. Shi ne mutumin da duk wannan magana ta shafa, kuma a tsarin majalisa ba shi da kujera.

To, an je kotu. A watan Yunin 1972 ƙungiyar gina gidajen da wasu baƙaƙen fata suka shigar da ƙara a kotun tarayya. Kotun farko ta ba majalisa gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 1975, ta dubi sakamakon hanin: baƙaƙe kashi 18 cikin ɗari ne na mutanen yankin Chicago, amma su ne kashi 40 na waɗanda samunsu ya cancanci shiga irin waɗannan gidaje, don haka su hanin ya fi buga wa. Sai Kotun Ƙoli, a ranar 11 ga Janairun 1977, a hukuncin da Mai shari'a Lewis Powell ya rubuta, ta ce wannan bai isa ba. Kafin a ce majalisa ta keta tsarin mulki, sai an tabbatar cewa nufin wariya yana cikin abin da ya motsa ta. Kotun ta duba, ta ga an bi ƙa'idojin taro, filin kuma tun 1959 haka yake a taswira, sai ta ce ba a tabbatar da mugun nufi ba.

Nan ne nake ganin shari'a ta bar talaka a rana. Wane kansila mai hankali ne zai tashi a gaban mai rubuta bayanin taro ya ce ba ya son talakawa ko baƙaƙe? Zai ce cunkoson motoci, zai ce yanayin unguwa, zai ce darajar gidaje. Wataƙila ma da gaske yake, bai taɓa tambayar kansa abin da ke ƙarƙashin tsoron nasa ba. Allah kaɗai ya san abin da ke zuciya. Abin da ɗan Adam zai iya aunawa shi ne abin da hukunci ya haifar, da kuma ko dalilin da aka bayar ya tsaya da ƙafarsa idan masani ya bincika. Hujjar da aka ce tsohuwar taswira ta wanke majalisa ita ma tana damuna, domin ma'anarta ita ce idan ka daɗe da rufe ƙofa, daɗewar ta zama shaidar gaskiyarka.

Maganar ba ta mutu a nan ba. An mayar da ita kotun ɗaukaka ƙara, wadda a cikin shekarar ta 1977 ta ce a ƙarƙashin dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968, sakamakon hukunci kaɗai yana iya zama laifi ko ba a kama kowa da mugun nufi ba. Daga nan aka yi sulhu. An gina gidajen daga baya, a farkon shekarun 1980, amma a wani fili dabam can gefen gari, ba a filin da limaman suka ware ba. Sama da shekara goma ke nan. A tsakanin nan, a watan Janairun 1973, gwamnatin Shugaba Nixon ta dakatar da shirin tallafin da aka dogara da shi tun farko don gina gidajen. Yaron da yake firamare lokacin da aka kaɗa ƙuri'ar ya gama sakandare kafin a buɗe ƙofar farko. Jinkiri a harkar gini makami ne, kuma mai hanawa ne kullum yake riƙe da shi, domin shi ba ya biyan ko sisi a kan jira, mai gini kuwa kowane wata kuɗin ruwa da kuɗin lauya suna cin sa.

Ya kamata mai karatu ya san daga ina wannan doka ta gida ɗaya, iyali ɗaya ta samo asali, don ana yawan gabatar da ita kamar ilimin tsara birni ne tsantsa. A 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar birnin Louisville da ta raba unguwanni tsakanin farare da baƙaƙe ƙarara. Birane da dama suka ga cewa girman fuloti da nau'in gida suna iya yin aikin da launin fata ya daina yi a takarda. Da wani kamfanin filaye, Ambler, mai eka 68, ya kai garin Euclid na jihar Ohio ƙara kan irin wannan doka, alƙalin kotun farko ya faɗi a 1924 cewa sakamakonta shi ne a kasa mutane a ware su gwargwadon samunsu. Kotun Ƙoli ta juya hukuncinsa a 1926. Mai shari'a George Sutherland ya rubuta cewa sau da yawa gidan haya mai sassa cima-zaune ne kawai, an gina shi ne don ya ci moriyar sarari da kyan da unguwar ta samar. Kusan shekara ɗari ke nan, amma wannan kallon raini shi ne har yau ake ji a zaurukan taro, an dai sauya masa kalmomi. A biranen Amurka da yawa, kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama haramun ne a gina komai a kansu sai gidan iyali ɗaya.

Ba na so a ɗauka cewa duk maƙwabcin da ya yi ƙorafi mugu ne. Mu da muka tashi da sanin haƙƙin maƙwabtaka mun san nauyinsa. Wanda aka tayar wa bene a bayan katanga, taga ta fuskanci tsakar gidansa inda iyalinsa ke zama, an cuce shi, kuma yana da haƙƙin a saurare shi. Haka wanda ruwan sama zai koma kwarara cikin gidansa saboda an shafe fili da siminti ba a faɗaɗa magudana ba, ko wanda layinsu motar kashe gobara ba za ta iya juyawa a ciki ba. Mutumin da ya zuba tarin shekarunsa a gida ɗaya, in ya ji tsoron faɗuwar darajarsa, ba abin dariya ba ne. Masu kare ikon majalisa kuma suna da maganar da ba a raina ta: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, me ya sa wasu mutane a babban birnin jiha, waɗanda ba a zaɓe su a unguwar ba, za su yanke musu hukunci?

Amsata ita ce waɗannan cutarwa duka ana iya auna su. Injiniya yana iya faɗin ko magudana za ta ɗauki ruwan. Ana iya ƙirga motoci. Ana iya juya taga, a ɗaga katanga, a ja gini baya daga iyaka, a rage hawa ɗaya. Ƙa'idar da muka sani ta ba cuta ba cutarwa tana kare maƙwabci daga lahani na zahiri, ba ta ba shi ikon zaɓar wanda zai zauna kusa da shi ba. Haƙƙinka a kan fulotinka ne da abin da zai taɓa shi. Ba ka sayi sararin unguwa duka ba ranar da ka sayi gidanka. Kuma mutanen gari sun fi kowa sanin garinsu, gaskiya ne, amma ƙarancin gidaje ba matsalar gari ɗaya ba ce. Idan kowane gari a kewayen babban birni ya ce a gina amma ba a wurinsa ba, kowannensu da dalilinsa mai kama da hankali, a ƙarshe babu inda za a gina, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da mai shara su koma kwana inda sai sun yi tafiyar sa'o'i kafin su zo su yi wa waɗannan garuruwa hidima. Babu majalisar da ke ganin wannan hoto gaba ɗaya daga kujerarta. Shi ya sa ake buƙatar wanda ke zaune a sama.

Jihar Massachusetts ta gane haka tun 1969, shekara biyu kafin ƙuri'ar Arlington Heights, kuma tsarinta shi ne wanda na fi gamsuwa da shi. Dokar da suke kira 40B ta ce mai son gina gidajen da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari nasu an keɓe su na dogon lokaci ga masu ƙaramin ƙarfi, zai nemi izini ɗaya tak a wurin hukumar garin, maimakon yawo ofis-ofis. Idan garin ya ƙi, ko ya ɗora sharuɗɗan da za su sa aikin ya zama asara, kuma gidajen masu ƙaramin ƙarfi a garin ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, to mai ginin yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa wani kwamitin jiha mai mutum biyar, biyu daga cikinsu zaɓaɓɓun jami'an ƙananan hukumomi. A gaban wannan kwamiti ba a tambayar ko kansiloli suna da ƙiyayya a zuciya. Ana tambayar garin ne: ina lahani ga lafiya, ko tsaron rai, ko muhalli, wanda ya fi nauyi a kan buƙatar gidaje ta yankin? In ya kawo, hanin ya tsaya. In bai kawo ba, a ba da izini. Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da dokar a 1973. Jihar Connecticut da ke maƙwabtaka ta kafa makamanciyarta a 1989.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne kashi 10 ɗin nan. Garin da ya cika shi ya fita daga hannun kwamitin, ikonsa ya dawo masa. Wato ba a ƙwace wa gari iko ba, an ce masa ne ɗauki rabonka na kayan, ka zaɓi inda kake so a gina da yadda kake so, in ka ƙi kuwa wani zai zaɓa maka. Kuma sanin cewa akwai inda za a kai ƙara yana sauya halin majalisa tun kafin a kai. Hukumar da ta san za a iya juya hukuncinta ta fi zama a teburin sasantawa, ta ce rage sashe goma, ƙara wurin ajiye mota, gyara mashigar hanya, maimakon ta ce a'a ta tashi. Dubun-dubatar gidaje aka gina a jihar ta wannan hanya.

Dokar tana da masu suka, kuma ba duk sukarsu ce banza ba. Akwai 'yan kasuwar gini da ke amfani da ita su tursasa gari ya karɓi gini mafi girma fiye da yadda wurin ya dace, kashi uku cikin huɗu na gidajen kuma a sayar ko a ba da haya a farashin kasuwa. An kuma yi ƙorafin cewa wasu sun ci ribar da ta wuce iyakar da doka ta sa musu. Wannan aikin masu binciken kuɗi ne, a sa ido a kama mai laifi. Ga masu cewa dokar ta saɓa wa zaɓin jama'a kuwa, akwai amsa a akwatin ƙuri'a. A 2010 aka tambayi mutanen jihar baki ɗaya ko a soke ta, kashi 58 cikin ɗari suka ce a bar ta. Mutanen da a zauren garinsu ake jin kamar kowa yana adawa, da aka tambaye su a matsayin 'yan jiha ɗaya, sai suka amsa daban.

Saura batun tsoron nan na faɗuwar daraja da ƙaruwar ɓarayi, wanda shi ne ake fara ɗagawa a kowane taro. An gwada shi a Mount Laurel ta jihar New Jersey. Baƙaƙen fata sun zauna a wannan gari tun kakanni, amma da aka fara mayar da gonaki unguwannin masu hali, sai suka rasa wurin zama. Suka nemi izinin gina sashe 36 kawai, aka hana su, aka kuma gaya musu a 1970 cewa wanda ba shi da ƙarfin zama a garin sai ya tashi. Wata mata, Ethel Lawrence, ta jagoranci ƙarar da ta kai kotun ƙolin jihar ga hukuncinta na 1975 da na 1983, cewa kowane gari wajibi ne ya buɗe hanyar ɗaukar kasonsa na gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Ta rasu a 1994 ba ta ga gidajen ba. Sai a shekarar 2000 aka fara shiga rukunin da aka sa wa sunanta, mai sashe 140. Bayan shekaru, Farfesa Douglas Massey na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa suka kwatanta garin da maƙwabtansa masu kama da shi. Ba su ga ƙarin laifi ba, ba su ga faɗuwar darajar gidaje ba, ba su ga tashin haraji ba. Iyalan da suka samu shiga kuwa samunsu ya ƙaru, hankalinsu ya fi kwanciya. Shekara talatin aka hana mutane muhalli saboda abin da bai faru ba. Ina jin zafin wannan fiye da duk wata muhawarar shari'a da ke cikin lamarin.

Duk da haka, ɗaukaka ƙara tana da iyaka. Fuloti ɗaya take warwarewa a lokaci ɗaya, kuma sai mai ƙarfin ɗaukar lauya da masana. Gwauruwar da ke son raba gidanta biyu ta sa ɗan haya don ta samu na cefane ba za ta taɓa zuwa gaban kwamiti ba. Ita maganinta a gyara dokar tun daga tushe, kamar yadda jihar Oregon ta yi a 2019, inda ta halatta gida mai sashe biyu a fulotin iyali ɗaya a garuruwan da suka wuce mutum 10,000, har zuwa sashe huɗu a manyan birane. Ƙananan gine-gine a halatta su kai tsaye, manya a bar musu hanyar ƙara.

Mu ma a Najeriya ba baƙin wannan tsari ba ne. Unguwannin da muke kira GRA gadon Turawan mulki ne, kuma dokar garuruwa ta zamanin Lugard, ta 1917, ta zo da tsarin barin tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da sunan gudun sauro da zazzaɓi. Turawa sun tafi, manyan fulotan da ƙa'idojinsu sun zauna. Abuja kuma da aka zana daga baya ta ware Maitama da Asokoro ga 'yan gidaje kaɗan masu faɗi, alhali masu yi musu aiki suna fitowa tun asuba daga Nyanya da Mararaba da Suleja. Sai dai ciwonmu ya bambanta da na Amurka ta wani ɓangare. A nan sau da yawa mai ƙarfi yana tayar da abin da ya ga dama, ya toshe magudana, ya ƙara hawa a kan ginshiƙin da ba zai ɗauka ba. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40. Don haka kada wani ya ɗauki maganata a matsayin kiran a saki gini sakaka. Dokar da ke kare rai a tsananta ta. Wadda aikinta kawai ta nisanta talaka daga unguwar masu hali, ita nake so a riƙa tuhuma.

Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ta tanadi kotun musamman ta sauraron ƙorafin wanda aka hana izini, a 2003 kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Ke nan kowace majalisar dokokin jiha, ta Kano ce ko ta Kaduna ko ta Sakkwato, tana da ikon gyara wannan hanya da kanta. Ta wajabta wa hukumar tsara birni ta rubuta dalilin hani a takarda, ta sa wa'adin kwanaki da in ya wuce ba amsa za a iya kai ƙara, ta kafa masu sauraro da suka haɗa da injiniya da masanin tsara gari waɗanda ba ƙarƙashin ofishin da ya hana suke ba, ta kuma ba maƙwabcin da taga za ta leƙa gidansa damar ya zo ya faɗi nasa a zama ɗaya da mai ginin.